Hoton da Kezaiya Ta Ƙi Yi wa Yatsu

Ku gyara zama, 'yan'uwa, manya da yara, ku ji wannan misali.

Akwai wata mace a wani gari da ke gindin duwatsu, ana ce da ita Kezaiya. Sana'arta hoto. Tana da ɗan shago a bakin titi, kusa da tashar mota, inda take ɗaukar hoton amare da masu neman aiki. Amma abin da ya kai sunanta ƙauyuka shi ne gyaran tsofaffin hotuna. Mutum zai zo ya kwance ƙullin tsumma, ya fito da hoton kakarsa, ya koɗe, ya yi ja kamar an tsoma shi a ruwan goro, gara ta ci kusurwa ɗaya, yoyon ɗaki ya ɓata ɗayar. Sai Kezaiya ta karɓa da hannu biyu, ta kifa shi a kan na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta, ta ce a dawo jibi. In mai hoto ya dawo, sai ya tarar da kakarsa tana dubansa ido cikin ido. Da yawa a kan bencin shagon suke zubewa su yi kuka. Ba ta hana su. Ruwa take ba su su sha.

Ita ce autar gidansu. Babban wansu kuwa, Habila, mutum ne da Allah ya ɗaukaka. Ya yi aikin gwamnati a birni har ya kai matsayin da ake buɗe masa ƙofar mota, sa'an nan ya yi ritaya, ya dawo gida ya gina bene. Shagon Kezaiya ma a jikin gininsa yake. Shi ya ba ta wurin, shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku.

Mahaifinsu, Baba Yunana, shi ne ya fara ikkilisiyar garin. Ya rasu tun Kezaiya tana 'yar shekara bakwai. Kowa ya san shi ya fara tara mutane a gindin wata ɗorawa a bayan gari, yana karanta musu Maganar Allah. Abin da ba a faɗa, abin da Habila ya hana a faɗa tun da ya zama babba, shi ne dalilin da ya sa a bayan gari ne. Baba Yunana kuturu ne. Yana saurayi cutar ta kama shi, aka kai shi wani asibitin kutare mai nisa. A can ya ji bishara, a can ya koyi karatu. Magani ya kashe cutar, amma yatsun da ta riga ta ci ba su dawo ba. Da ya komo gida aka ce ba zai zauna cikin mutane ba, sai ya kafa bukkarsa a gindin ɗorawar. Tsofaffin da suka san wannan sun ƙare, saura kaɗan, su ma sun koyi kame bakinsu saboda girman Habila.

Ana nan, sai ikkilisiyar ta cika shekara sittin. Aka shirya babban biki, aka sa Habila shugaban shirye-shirye. Ya aika wa abokan aikinsa na birni, ya aika wa surukansa, manyan mutane da 'ya'yansa suka yi aure a gidajensu. Aka kuma ce lalle a rataye hoton wanda ya fara aikin a gaban majami'a.

Hoton Baba Yunana guda ɗaya ne tak a duniya. Wani mai hoto ne ya ɗauka da ya bi ta garin a zamanin da. Yana cikin akwatin ƙarfen mahaifiyarsu, Mama Damaris, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya, a ƙarƙashin zannuwanta na zuwa sujada. Habila ya karɓo shi ya kawo shago. Hoton ya koɗe har ba a ganin komai sai inuwa uku: namiji a zaune, mace a tsaye a bayansa, da wani farin abu a cinyar namijin. Fuska ta zama hazo. Hannuwa sun narke cikin farin.

Habila ya ce, "Auta, ga aikinki. Ki fito mana da Baba, a buga shi babba. Saura mako uku."

Ta ce, "To, Yaya. Allah ya ba ni iko."

Washegari da sassafe, ana kawo wuta, ta zauna. Da fari ta kwafe hoton, ta ajiye kwafi ɗaya gefe, wanda ba za ta taɓa ba, gama dokarta ke nan: ba a gyara sai an adana asali. Sa'an nan ta buɗe manhajar gyaran hoto. Ta janye jan nan da shekaru suka shafa masa, hoton ya koma baƙi da fari kamar ranar da aka wanke shi. Ta ƙara wa baƙin ƙarfi kaɗan kaɗan, ta rage hasken da ya cinye tsakiya. Inda takardar ta karye ta bar tsaga, sai ta ɗebo daga wuri mai lafiya ta liƙe, kamar mai yaɓen ɗaki. Ta faɗaɗa hoton har ƙwayar ido ta kai girman kwano, ta bi ɗigon fumfuna ɗaya bayan ɗaya tana sharewa. Kwana huɗu tana wannan aiki, wuyanta ya sage, idonta ya yi ja.

Mama ce ta fara fitowa, budurwa siririya, kallabinta a karkace. Sai ganyen ɗorawa a bayansu. Sai farin abin nan ya zama jariri cikin zane, wato Habila. A rana ta huɗu da hantsi, ta rage hasken sau ɗaya, sai ga Baba.

Ga fuskarsa, ba gira, hancin ya ɗan lotsa, yana dariya har wushiryarsa ta fito. Ga kuma hannuwansa. Dungu biyu, ba yatsa ko ɗaya sai guntun babban yatsa a hannun dama. Da su ya tallafe jaririn, a hankali, yadda ake riƙe ƙwarya cike da nono.

Kezaiya ta saki linzamin kwamfutar. Shekara arba'in da wani abu ba ta ga hannuwan nan ba, ba ta kuma ji an ambace su ba, har ta fara mantawa. Yanzu duk ya dawo mata. Ta tuna yadda yake ɗaure fartanya a wuyan hannunsa da igiyar fata in zai tafi gona. Ta tuna yadda yake buɗe shafi da leɓensa in yana karatu. Ta tuna wata rana zazzaɓi ya kama ta, ya yi ta shafa mata baya da dungun nan mai santsi har barci ya ɗauke ta. A wannan karon ita ce ta koma kan bencin ta yi kukan.

Da Habila ya dawo duba aiki, ta juyo masa da fuskar kwamfutar cikin murna. Ya duba sau ɗaya, sai fuskarsa ta canja. Ya waiwaya ya ga ba kowa a ƙofa, ya tura ƙyauren.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau. Yanzu sai ki ƙarasa."

"Na gama, Yaya."

"Ba ki gama ba. Ki sa masa yatsu. Ki tayar da hancin, ki yi masa gira. Na san injin nan naki zai iya."

Ta ce, "Zai iya. Ni ce ba zan iya ba."

"Ba gyara ne sana'arki ba? Kin cire ja, kin liƙe tsaga, kin share datti. Mene ne bambancin?"

"Jan nan ba na Baba ba ne, Yaya, shekaru ne suka shafa masa. Tsagar ba tasa ba ce, ta takarda ce. Abin da zamani ya ɗora masa na cire, abin da zamani ya sace na dawo da shi. Amma hannun nan nasa ne. Da shi ya yi noman da muka ci."

Habila ya zauna a kan bencin. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Ke yarinya ce a lokacin, ba ki san komai ba. Ni na sani. Ni aka hana shan ruwa da moɗar makaranta. Ni ne in na miƙa kwabo a kasuwa, mai ƙosai ta ce in jefa cikin kwanon ruwa, kada hannuna ya taɓa nata. Shekara shida ba wanda ya kira ni Habila a aji, sai ɗan kuturu. Na yi rantsuwa 'ya'yana ba za su ji wannan suna ba, ba su kuwa ji ba. Yanzu kina so in tara surukaina da abokan aikina, in rataye musu shi a bango?"

Tausayinsa ya kama ta, gama ba ta taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Yaya, an zalunce ka, Allah ya gani. Amma waɗanda suka hana ka moɗa su ne da abin kunya, ba Baba ba. In na yi masa yatsu yau, na shiga layinsu ke nan. Na ce da shi, kai ma ba za ka shiga majami'ar da ka kafa ba sai ka ɓoye hannunka. Sun kore shi bayan gari yana da rai. Ni ba zan kore shi yana kabari ba."

Ya miƙe tsaye. "Ni kike gaya wa haka? A cikin ginina?"

"Ka gafarce ni, Yaya. Ka aike ni ko'ina, zan je. Wannan ne kawai ba zan yi ba."

"To, ba ni hoton." Ta ba shi tsohon hoton a cikin ambulan. Ya nuna kwamfutar ya ce, "Wannan kuma ki goge shi yanzu, ina kallo."

Ta tashi daga durƙuson, ta tsaya tsakaninsa da teburin. Ta ce, "Ubana ne ni ma."

Ya dube ta, ta dube shi. Sai ya ce, "Kafin Asabar ki kwashe kayanki daga shagon nan." Ya buɗe ƙofa ya fita.

Ba ta jira Asabar ba. Washegari ta kira mai amalanke, aka ɗora kwamfuta da na'urar buga hoto da benci, aka tura ta tsakiyar tasha kowa yana kallo. Ta kai kayan zauren gidanta, a can ƙarshen unguwa inda mota ba ta shiga. Masu zuwa ɗaukar hoto suka ragu, don wa zai bi lungu neman mai hoto? A zumuntar mata aka fara ƙus-ƙus, ana cewa Kezaiya ta yi wa wanta rashin kunya, mutumin da ya rufa mata asiri. Ba wanda ya san kan zancen, ita kuma ba ta buɗe baki ta tona shi ba.

Sai wani dattijon ikkilisiya, Baba Sila, ya zo gidan yana dogara sanda. Yana cikin 'yan kaɗan da suka san Baba Yunana ido da ido. Bayan gaisuwa ya ce, "'Yata, Habila ya gaya mini abin da ya haɗa ku. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Yatsu ne fa kawai a takarda. Wanda ya mutu ya huta, me zai dame shi? Ki yi wa wanki abin da yake so, ki koma shagonki. Kina da marayu."

Ta ce, "Baba, kai ka san shi. In aka rataye mutum mai yatsu goma aka ce shi ne, za ka iya ɗaga ido ka ce amin?"

Tsohon ya yi ta zana ƙasa da sandarsa, sa'an nan ya yi sallama ya tafi.

Amma maganarsa ta zauna mata a rai, musamman zancen marayu. Kada ku ɗauka Kezaiya dutse ce. Wata rana da yamma, da ta ga tun safe ba wanda ya yi sallama a zauren, ta buɗe hoton ta ce bari dai ta gwada ta gani. Ta ɗebo yatsu daga hoton wani ango, ta rage su, ta daidaita launinsu, ta ɗora a hannun dama. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Abin ya zauna daram, ba mai iya ganewa. Ta zuba masa ido. Hannu ne mai kyau, amma ba ta san shi ba. Bai taɓa shafa mata baya ba. Sai ta ji kamar ta kama baƙo a ɗakin mahaifiyarta. Ta danna ta mayar da hoton yadda yake, ta ce a fili, ita kaɗai a zaure, "Ko zan ci ƙasa, ba zan yi ba." Washegari ta buga hoton Baba na gaskiya babba, ta sa masa gilashi, ta naɗe shi cikin zane.

Habila kuwa ya kai tsohon hoton birni, ya sami wanda bai san Baba Yunana ba, bai kuma yi tambaya ba. Aka yi masa yadda yake so, har da ƙari.

Ranar biki ta zo. Majami'a ta cika har waje, motocin baƙi sun jeru a ƙarƙashin rumfa, matan zumunta suna buga tulu suna waƙa. Kezaiya ta zauna a bencin baya, naɗaɗɗen zanen yana jingine da ƙafarta. Bayan wa'azi, fasto ya ce a kawo Mama Damaris gaba, ita za ta buɗe hoton mijinta. Aka riƙo ta a hankali. Ta ja farin ƙyallen da aka rufe hoton da shi, ya faɗi, jama'a suka yi tafi.

Ga wani kyakkyawan mutum, dogon hanci, gira baƙa wuluk, babbar riga mai aiki, yatsu goma reras, har da agogo.

Mama Damaris ta gyara tabaranta. Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe. Tafi ya mutu. Sai ta juyo, da muryar tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi, wadda ba ta san tana ɗaga murya ba, ta ce, "Wane ne wannan?"

Habila ya sunkuya ya ce, "Baba ne, Mama."

"Baban wa? Ni dai ga ni nan a baya, na gane kallabina. Amma ban taɓa auren wannan mutum ba. Habila, ina ka kai mijina?"

A nan ne Kezaiya ta miƙe. Ta ɗauki naɗin zanen ta bi tsakiyar majami'a, ba ta tsaya ba. Da ta iso gaba, Habila ya tare ta da ido, ya ce a hankali, "Kada ki kuskura."

Ta ce, "Mama ce ta yi tambaya, Yaya. Zan ba ta amsa."

Ta kwance zanen, ta riƙe hoton a gaban tsohuwar. Mama Damaris ba ta ko matsa kusa ba. Ta ɗora tafinta a kan dungun nan biyu, ta yi dariya, hawaye yana bin kumatunta. Ta ce, "Yawwa. Ga Yunana." Sa'an nan ta juya wajen jama'a ta ce, "Ku dube shi da kyau. Iyayena sun ce in na aure shi, ba ni ba su. Na ga hannun nan da idona kafin in ce ina so. Ba a rufe mini shi ba, ni ma ba zan rufe muku ba. Auta, ɗaga shi sama."

Kezaiya ta ɗaga shi sama da kanta, ta juya shi dama, ta juya shi hagu, har na waje suka leƙo ta taga. Aka fara gunaguni a layin baƙi. Wata mata ta rufe bakinta da mayafi.

Sai aka ji ƙarar sanda. Baba Sila ne ya miƙe. Ya ce, "Ina da magana, kuma da kaina zan fara. Ni na je gidan yarinyar nan na ce ta yi ƙarya don a zauna lafiya. Allah ya gafarta mini. Shekarar da sanƙarau ya shigo garin nan, ina yaro, mahaifina ya mutu a ɗaki, 'yan'uwansa masu yatsu goma suka gudu, ba wanda ya yarda ya taɓa gawar. Mutumin nan ne ya shigo daga bayan gari. Ya ɗaure fartanya a hannu ya haƙa kabarin, ya rungumi mahaifina a ƙirji ya kai shi. A ranar uwata ta ba da gaskiya. In an cire hannun nan daga bango, a cire sunana daga littafin ikkilisiya."

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Waɗansu daga cikin baƙin suka shiga motocinsu tun ba a raba abinci ba. Habila ya fita ta ƙofar gefe, bai dawo ba. Amma da dattawa suka zauna, hoton da Kezaiya ta gyara suka rataye, yana nan kuma a bangon.

Na san kuna jira in ce Habila ya tuba, ya rungumi ƙanwarsa, ya mayar mata da shago. Ba zan yi wa misalin nan yatsu ba. Bai mayar ba. Shagon, yanzu wani mai sayar da taya ne a ciki. Kezaiya tana zaurenta a lungu, wata rana a samu, wata rana a rasa. Kowace Asabar takan yi wanka ta tafi gidan wanta gaisuwa. Yakan aiko a ce yana hutawa. Sai ta gaida matarsa, ta ce a gaya wa Yaya Auta ta zo, ta koma gida. Asabar ta zagayo, ta sake zuwa. Ba ta fasa gaisuwar ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba.

To, ga ma'anar wannan misali, ku riƙe ta da kyau.

Hoton nan mu ne. Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, amma zunubi da wahalar duniya sun sa mun koɗe, mun yi tsaga, har wani lokaci ba a gane ko kamannin wa muke ɗauke da shi. Muna bukatar gyara, wannan ba gardama. Sai dai masu gyara iri biyu ne. Akwai gyaran Ubangiji, wanda yake zama a kanmu da haƙuri, yana cire dattin da ba namu ba, yana dawo da abin da aka sace, har gaskiyarmu ta fito. Akwai kuma gyaran duniya, mai sauri, kafin shayi ya tafasa. Shi ba ya warkarwa, rufewa yake yi. Zai ba ka dogon hanci da agogo, amma ranar da aka buɗe ƙyalle, wanda ya fi kowa ƙaunarka zai duba ya ce, wane ne wannan?

Hannun Baba Yunana kuwa shi ne wurin da rayuwa ta ci ka, Allah kuma ya yi aiki da abin da ya rage. Ku tuna, sa'ad da Ubangijinmu Yesu ya tashi daga matattu, da ikon da ya fasa kabari, ai da ya so da ya shafe gurbin ƙusoshi daga hannuwansa. Bai shafe ba. Da su ya shiga wurin almajiransa, su ya nuna wa Toma, da su aka gane shi. In Ɗan Allah bai ji kunyar tabonsa ba, wane ne kai da za ka ji kunyar na ubanka?

Ina magana da ku da kuke zaune a nan. Akwai wanda ya je birni ya canja sunan ƙauyensu. Akwai wadda in ƙawayenta sun zo, sai ta ce da uwar da ta haife ta ta zauna a ɗakin baya. Akwai gidan da ke da yaro gurgu ko mai farfaɗiya, ba a taɓa kawo shi sujada ba, wai kada a gani. Akwai wanda Allah ya fisshe shi daga giya, ko daga kurkuku, amma in ya tashi ba da shaida sai ya yi kamar a cikin majami'a aka haife shi. Ɗan'uwa, ka goge wurin da alherin Allah ya fi fitowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ku kuma lura da irin taurin kan Kezaiya, don kada wani yaro ya koma gida ya yi wa babansa tsawa ya ce a makarantar Lahadi aka koya masa. Ta durƙusa. Ta ce Yaya. Ba ta bi gari tana tona asirinsa ba, har yau kuma ita ke zuwa gaisuwa. A komai ta bi, sai a abu ɗaya: da aka ce ta yi ƙarya, ta ce a'a, ta kuma biya kuɗin a'ar da shagonta. Irin wannan ake nema a cikinmu. Gwiwa a ƙasa, gaskiya a tsaye.

Za a zo muku. Wataƙila ba baƙo ne zai zo ba, wanda ya taɓa rufa muku asiri ne, ko dattijo mai sanda da magana mai daɗi. Zai ce abu kaɗan ne, ba wanda zai sani, a yi don a zauna lafiya. A ranar, ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi wurin zama, ku ba shi ruwa. Sa'an nan ku dube shi ku ce: ka aike ni ko'ina zan je, amma abin da Allah ya rubuta da hannunsa, ba ni ne zan goge ba.

Mai kunnen ji, ya ji. Mu sunkuyar da kai, mu yi addu'a.